Najeriya ba ta taɓa zaɓen mace gwamna ba

A wata fada a unguwar Birni, nan Damagaram, na sake jin maganar da ta daɗe tana damuna, wai maƙwabtanmu na Najeriya sun zaɓi mace gwamna tun da jimawa. Masu faɗin haka suna da madafa, domin sun ji sunan Virginia Etiaba ta jihar Anambra, kuma gaskiya ne ta hau kujerar.

Sai dai ba ita aka kaɗa wa ƙuri'ar gwamna ba. Mataimakiyar gwamna Peter Obi ce. Da majalisar dokokin jihar ta tsige shi a Nuwamba 2006, tsarin mulki ya miƙa mata ragama. A Fabrairu 2007 kotu ta soke tsigewar, ta mayar masa da kujerarsa. Wata uku ke nan ta yi, kuma hakan bai rage mata komai ba, ita ce dai mace ta farko da aka rantsar gwamna a Najeriya.

Abin da ke ƙara rikita mutane, a ganina, shi ne Adamawa a 2023, inda wani jami'in zaɓe ya ayyana Aishatu Binani a matsayin wadda ta ci zaɓen gwamna kafin a gama tattara sakamako. Hukumar zaɓen Najeriya, INEC, ta soke sanarwar, gwamna Ahmadu Fintiri ya ci gaba da mulki.

Mu a Nijar ma lissafin daban yake, gwamna naɗa shi ake yi. Ta wannan hanyar Aichatou Boulama Kané ta zama gwamnar Yamai a 2011.