Me Ya Sa Nake Ɗaukar Hoton Danja?

Kusan shekara huɗu ke nan ina ɗaukar hotunan mahaɗun tituna da fitilun ba da hannu a birnin Kano, kuma har yau ba a daina tambayata dalili ba. Wasu suna ganin asarar lokaci ce mutum ya kafa kyamara a bakin danja alhali ga Dutsen Dala da Gidan Makama da hawan Sallah. Ina girmama wannan ra'ayi, amma ban karɓe shi ba, domin Dala yana nan inda kakanninmu suka bar shi, mahaɗar titi kuwa ta fi kowane sashe na gari saurin sauya kama, kuma ita ce muka fi sakaci da adana kamanninta.

Duk wanda ya san shataletalen Dangi kafin a gina gadar sama da hanyar ƙarƙashin ƙasa a wurin, ya tambayi kansa ko yana da hotonsa ko da guda ɗaya. Dubban mutane sun ratsa ta nan safe da yamma shekara da shekaru, amma yau idan yaro ya ce a nuna masa yadda wurin yake a da, sai dai a kwatanta masa da baki. Haka Ƙofar Nasarawa take kafin gadarta. Kafin a hana acaba a Kano a watan Janairun 2013, da zarar jar fitila ta kama, gaban layi cika yake yi da babura da hayaƙinsu, kowa na neman ya riga wani tashi. Yanzu ruwan ɗorawar Adaidaita Sahu ne ya mamaye gurbin. Wannan sauyi ya taɓa abincin gidaje masu yawa da yadda mata ke zirga-zirga a gari, kuma a bakin danja ya fi fitowa fili. Nakan kuma tuna ranar 2 ga Afrilun 1972, lokacin da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, in yi fatan a ce ina riƙe da hoton wata mahaɗa ta cikin gari a safiyar wannan rana, direbobi na ɗari-ɗari, mai ba da hannu na fama da su.

Ita kanta fitilar tana da tarihin da ya cancanci a kula da shi. An kafa ta farko a Landan a watan Disambar 1868 kusa da majalisar dokoki, da iskar gas take aiki, kuma ba ta daɗe ba ta fashe ta jikkata ɗan sandan da ke sarrafa ta. A Jamus ta Gabas, wani masanin harkar zirga-zirgar tituna mai suna Karl Peglau ya zana hoton ɗan mutum mai hula a fitilar masu tafiya a ƙasa a 1961, kuma da aka so sauya zanen bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990, mutane suka tashi tsaye har aka bar musu abinsu, saboda sun ɗauke shi wani ɓangare na garinsu. Namu fitilun ma haka suke, da allon sola a kansu da tallan siyasa manne a jikin turakunsu.

Aikin yana buƙatar haƙuri fiye da tsadar kyamara. Nakan fita bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, lokacin da sama ta fara haske amma ja da kore ba su dusashe ba, musamman a hunturu da hazo ke yi wa fitila kewaye kamar wata ya yi gida. Nakan ɗora kyamarar a kan ƙafafunta uku in bar idonta a buɗe na daƙiƙa huɗu zuwa takwas, sai fitilun motoci su zama zare ja da fari, turken danja kuwa ya tsaya cak a tsakiya. Sababbin fitilu na zamani suna ƙiftawa da saurin da ido ba ya kamawa, shi ya sa idan aka ɗauka da gaggawa wani lokaci fitilar kan fito kamar a kashe take, alhali tana ci.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da ke wurin. Danja kasuwa ce: ga mai tallar ruwan leda, ga yarinya da farantin gyaɗa, ga almajiri, ga mai buƙata ta musamman a kan kekensa yana jiran jar fitila ta tsayar masa da motoci. Ba su fito don a yaɗa fuskokinsu a Facebook ba, kuma talauci bai cire musu haƙƙin a nemi izininsu ba. Barin idon kyamara a buɗe yana taimaka mini a nan, domin duk mai motsi yakan zama inuwa, a ga cunkoson ba tare da an gane kowa ba. Idan kuwa ina son fuskar wani, sai na yi sallama na roƙa, in ya ƙi in haƙura. Jami'in da ke ba da hannu ma nakan fara zuwa gare shi in ce, "Yallaɓai, sannu da aiki," in bayyana abin da ya kawo ni, kuma ba na kusantar wuraren tsaro da kyamara.

Roƙona ga masu tsofaffin hotuna a gida shi ne su duba bayan mutanen da ke cikinsu. Sau da yawa hoton biki ko na sabuwar mota yana ɗauke da wani shataletale da aka rushe tuni. Wanda ya samu, ya rubuta sunan wurin da shekarar a bayansa tun masu iya tunawa suna raye, in ya yarda kuma ya aiko mini da kwafinsa.