Darakta Mai Jarin Fam Ɗaya

Aikina na kwamfuta ne, kuma a nan Landan ba ni da ubangida tsayayye, kwantiragi nake ci. Bana banki ya ɗauke ni wata shida in gyara musu manhaja, baɗi kamfanin inshora. Irinmu, in ba ka da kamfanin kanka, sai ka shiga ƙarƙashin abin da ake kira kamfanin lema. Su waɗannan mutane ba su san aikin da kake yi ba, ba su taɓa ganin fuskarka ba, amma a takarda su ne suka ɗauke ka aiki. Kuɗinka zai fito daga wurin wanda ka yi wa aiki, ya bi ta hannun ejan, ya faɗa hannunsu, su zauna su yi masa fiɗa.

Duk Juma'a takardar albashi ke zuwa, ni kuma ba na buɗe ta sai na ci abinci. Ga ladan masu lema, fam ashirin da 'yan kai a mako. Ga kuɗin inshorar ƙasa na ma'aikaci. Ga na wanda ya ɗauki ma'aikaci, kashi 13.8 cikin ɗari a lokacin, shi ma daga cikin kuɗin kwantiragina yake fita. Ga rabin kashi na harajin koyon sana'a, ni kuwa har yau ban ga yaron da na koya wa sana'ar ba. Ga harajin albashi, ga fansho. Abin da ya tsira shi ne nawa.

Wani abokina Basakkwace ne ya ɗora ni a hanya, muna neman takalmanmu bayan sallar Juma'a. Ya ce, "Malam, har yanzu kana lema? Buɗe naka mana. Ka yanka wa kanka ƙaramin albashi, fam 12,570 a shekara, daidai inda harajin albashi bai kai ba, sauran ka ɗiba a matsayin rabon riba." Ya faɗi haka ne yana kaɗa makullin motar da ni hotonta kawai na sani, don haka ban yi musu ba.

Sharaɗin guda ne, sai kwantiraginka yana waje da dokar haraji ta IR35. Wannan doka ce ta shekarar 2000, an yi ta don kama mutumin da ya ajiye aiki ranar Juma'a, ya dawo kan kujerarsa ranar Litinin da sunan shi kamfani ne. Da can kai ne za ka duba kanka ka ce ina ciki ko ina waje, kuma kowa ya san abin da ɗan Adam zai ce. A 2017 aka miƙa alƙalancin ga ma'aikatun gwamnati masu ba da aikin, a watan Afrilun 2021 aka haɗa da manya da matsakaitan kamfanoni. A watan Satumban 2022 ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya ce za a soke wannan gyara, 'yan kwantiragi muka yi ta taya juna murna. Ba a yi wata ba Jeremy Hunt ya hau kujerar ya ce maganar ta tashi. Don haka da ejan ya kira ni ya ce ga wani aiki, kuma an rubuta yana waje, sai da na sa ya maimaita.

Da daddare na yi rajistar, ina cikin jallabiya, kwanon tuwo na gefe. Hukumar rajistar kamfanoni, Companies House, wadda hedikwatarta ke Cardiff, ta karɓi fam 50. A watan Mayun 2024 ne, kuma ranar ɗaya ga watan suka ɗaga kuɗin daga fam 12. Abokina bai ga dacewar ya yi mini wannan nasiha a watan Afrilu ba. Aka ce wane ne darakta, na rubuta sunana. Wane ne mai hannun jari, ni. Wane ne mai faɗa a ji a kamfanin, ni dai. Hannun jari nawa, ɗaya. Kuɗinsa nawa, fam ɗaya. Na sa wa kamfanin sunan unguwarmu a Kano, na liƙa masa Ltd a wutsiya. Kashegari takardar shaida ta shigo imel da tambarin masarauta a samanta.

Uwargida ta leƙo ta duba, ta ce, "Sannu Darakta. To a fitar da shara, yau motar ke zuwa."

Ƙanena kaɗai na tura wa hoton takardar, na kuma ce masa ya bar ta tsakaninmu. Kafin la'asar ta shiga zauren WhatsApp na dangi, an kewaye sunana da jan layi. Guɗa ta murya, addu'o'i, hotunan furanni. Umma ta kira tana kuka, ta ce dama ta yi mafarki. Kafin mako ya zagayo takardun neman aiki sun fara shigowa: mai digirin tsimi da tanadi, mai difloma a aikin gona, direbobi biyu, da wani da ban san ta ina muka haɗa jini ba, ya ce ko gadi ne zai yi, muddin kamfani zai yi masa biza.

Sai Kawu. Shi Kawu ba ya tura saƙo, kira yake yi, kuma sai da asuba agogon nan.

"Ɗana, mun ji abin arziki. Allah ya sa albarka."

"Amin Kawu, Allah ya ƙara girma. Ai ɗan ƙaramin abu ne."

"Haka ake so, mutum ya riƙa ƙanƙan da kai. To ga ƙaninka nan ya gama bautar ƙasa yana zaune. Ba sai ka ba shi babban muƙami ba. Manaja ma ya isa."

Na ce masa ofishin kamfanin teburin cin abincinmu ne, kuma da yara sun dawo makaranta kamfani ke tashi. Ya yi dariya ya ce tun ina yaro akwai ni da barkwanci.

Ana cikin haka ambulan masu ruwan ƙasa suka fara faɗowa ta ramin ƙofa. A gida Najeriya in an miƙo maka irin wannan ambulan, murmushi kake yi ka sa a aljihu. A nan ta hukumar haraji ce, HMRC. Wannan lambar harajin kamfani ce mai alƙaluma goma, waccan ta biyan albashi, ga ta VAT, don akanta ta ce cinikina zai haura fam 90,000 a shekara, dole in yi rajista. E, na ɗauki akanta, wata baturiya mai sanyin murya wadda ban taɓa jin ta yi mamakin komai ba. Na kuma sayi inshorar da za ta biya in na ɓata wa mutane kwamfuta. Kamfani bai ci ko sisi ba tukuna, amma ya iya kashewa.

Sannan kuɗin farko ya shigo. Na aika takardar neman biyan fam 9,000, na ɗora VAT kashi 20, sai ga fam 10,800 cif a asusun kamfani, babu wanda ya gutsura. Na rufe manhajar banki na sake buɗewa, suna nan. Ana saura 'yan kwanaki babbar Sallah. Mutumin da dangi suka kewaye sunansa da jan layi ba zai aika wa mahaifiyarsa ragon da za a ɗauka a babur ba. Na ce wa ƙanena ya samo wanda sai an ja shi mutum biyu. Fam 200 ya tashi, na tura da katin kamfani, tunda kamfanin nawa ne, katin nawa ne, sunana ne a jiki. Na ƙara da shadda, da takalman yara, da cefanen Sallah.

Ƙarshen wata akanta ta kira. Ta ce tana duba asusu, ta ga fam 200 ya tafi Najeriya, me aka saya?

Na ce rago.

Ta yi shiru kaɗan. Ta ce wane irin kayan kwamfuta ne haka? Na ce a'a, rago mai ƙaho, namijin tunkiya.

Ta ce to. Ƙa'idar ita ce, abin da kamfani zai biya a cire daga riba sai an saye shi don aikin kamfani kaɗai, ba tare da wata manufa ba. Shin ragon yana aikin kamfani? Na ce an riga an yanka shi. Ta ce Allah sarki.

Ni kuwa ban zo da wasa ba, na yi bincikena. Na ce ai doka ta yarda kamfani ya kashe har fam 150 kan kowane ma'aikaci a walimar shekara, ba tare da haraji ba. Ta ce haka ne. Ma'aikata nawa suka halarci walimar? Na ce ma'aikacin ɗaya ne, kuma yana Landan, amma an nuna masa suyar ta bidiyo. Ta ce ko da ya halarta, in kuɗin ya haura 150 ko da fam ɗaya ne, rangwamen duka ya rushe. Na ce to akwai 'yar kyautar da ba ta wuce fam 50 ba, wadda darakta zai iya yi wa kansa. A rubuta kai da ƙafafu a nan. Wannan ne karo na farko da na ji numfashinta ya canza.

Daga nan ta zaunar da ni, duk da a waya muke. Fam 1,800 ɗin nan na VAT ne, ajiya aka ba ni, duk wata uku zan miƙa. Daga ribar da ta rage akwai harajin kamfani, kashi 19 in ba ta wuce fam 50,000 ba, ya yi ta hawa har kashi 25 in ta kai 250,000, kuma za a biya wata tara da kwana ɗaya bayan ƙarshen shekarar kamfani. Rabon ribar da abokina ya yi ta yabo, fam 500 kacal ne babu haraji a kai, daga nan sai kashi 8.75 a lokacin, in kuɗin shigarka ya haura wani mataki sai 33.75, kuma wannan ni zan biya da kaina kafin 31 ga Janairu. Shi kuwa rago da shadda da cefane, za ta rubuta su a shafin bashin darakta.

Na ce wa ke bin wa? Ta ce kamfani ke bin ka. Na ce ai ni ne kamfanin. Ta ce a'a, a doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, kai ma'aikacinsa ne kuma mai shi. In ban biya ba har wata tara bayan ƙarshen shekara, kamfani zai ajiye wa hukuma kashi 33.75 na bashin a lokacin, sai na biya a mayar masa. Wato ni na ci bashin, ni nake bi, ni za a ci tara in na ƙi biyan kaina. A daren na kasa haɗa ido da madubi, don ban san wanne daga cikinmu zai fara yi wa ɗan'uwansa tuni ba.

Mafita, in ji ta, a raba riba a goge bashin. Amma raba riba sai an yi taron daraktoci, an rubuta abin da aka tattauna, an ba mai hannun jari takardar shaida, ko da daraktan ɗaya ne. Na sa babbar riga na zauna a teburin cin abinci. Na buɗe taro da addu'a. Na duba mahalarta, an cika. Na kawo shawara a ba mai hannun jari rabonsa, ba wanda ya ja. Uwargida na tsaye bakin kicin da ludayi a hannu.

"Darakta, da wa kake magana?"

"Hajiya, taro muke."

"To in kun tashi, ka gaya wa sauran daraktocin madara ta ƙare."

Na rubuta wannan a ƙarƙashin sauran batutuwa.

Da Kawu ya sake kira, na ga gara in yi masa bayani dalla-dalla ya fahimci ƙanƙantar abin. Na ce masa kamfanin nan don doka kawai aka yi shi, har ma cikin abubuwan da ake dubawa a tabbatar kana wajen IR35 akwai cewa kana da ikon tura wani ya yi aikin a madadinka. Ban rufe baki ba ya ce, "Alhamdulillahi! Ka ga doka ma ta san da ƙaninka." Na ce Kawu, sai wanda ya iya rubuta manhaja. Ya ce yaron nan shi ke gyara wa duk gidan waya.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne rajistar kamfanoni a ƙasar nan a buɗe take, kyauta, kowa na iya dubawa daga ko'ina. Sunan darakta, wata da shekarar haihuwarsa, adireshin kamfani, yawan jari, duk suna nan. Ƙanena, wanda ba ya barin abu ya kwana, ya shiga ya ɗauko hoto ya sake sakawa a zauren dangi. Jari: fam ɗaya. Wani ya lissafa ya ce kusan naira dubu biyu ke nan. Zaure ya yi tsit har azahar. Na ce shi ke nan, Allah ya raba ni da masu neman gadi.

Sai ga muryar Goggo: "Kai, yaron nan akwai wayo! Ya ɓoye dukiyar don kada Turawa su sa masa ido." Aka yi ta tura alamar tafi. Takardun neman aiki suka ƙaru.

Da asuba waya ta yi ƙara.

"Ɗana, na ga takarda. Ashe dubu biyu ne kamfanin gaba ɗaya?"

"A takarda haka yake, Kawu."

"To madalla. Na ba ƙanenka dubu ɗaya jiya da daddare, gaban shaidu. Ka rubuta mini rabi."

Na kira akanta da ƙarfe tara na gaya mata. Ta ce duk wanda ya mallaki fiye da kashi 25 sai an sanar da hukuma sunansa, don haka in tambayi Kawu ranar haihuwarsa, kuma in shaida masa cewa daga yau rabin bashin ragon shi yake bi na.