Rashin bacci da cimar dare na tsufar da mu a Legas

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Mile 12 da ƙarfe uku na dare ya ga yadda mutanenmu ke neman halaliyarsu. Motocin kayan gwari sun iso daga Arewa, 'yan dako na sauke kwandunan tumatir, mai shayi na ta soya ƙwai da Indomie, can gefe wani ya shimfiɗa kwali yana satar bacci kafin assalatu. Ina da ɗan'uwa da ke gadi a wani gida a Ikoyi, shi ne dare shi ne rana. Bai fi shekara arba'in da 'yan kai ba, amma in ka ga furfurarsa da yadda idanunsa suka faɗa, sai ka rantse ya ba sittin baya. Abin yana ci mini rai.

Mukan ce wahala ce, kuma gaskiya ne. Sai dai wahalar ta ƙofar bacci da abinci take shiga jiki.

Likitoci sun ce baligi na buƙatar baccin awa 7 ko fiye. A lokacin ne bugun jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, zuciya ta samu sa'ida. Wanda kullum awa huɗu yake samu, jijiyoyinsa ba sa ganin wannan hutun, jikinsa kuma yana fara kasa sarrafa suga. Hawan jini da ciwon suga a hankali suke zuwa, ba sallama. Tun 2007 ma cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, ta sake jaddadawa a 2019.

Ga kuma cimar da ke rakiyar wannan rayuwa. Hukumar ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali guda. To lissafa sinadarin da ke cikin ledar taliyar, da dunƙulen da aka marmasa a ƙwai, da na yajin tsire. A bi da shayi mai tulin sukari, a ɗora goro don ido ya buɗe. Sinadarin da ke hana bacci a goro kuwa, bayan awa biyar kusan rabinsa na nan a jini, shi ya sa ko an samu kwanciyar sai a yi ta juyi.

Wani zai ce wanda ya baro iyali a Katsina ko Sakkwato bai zo Legas don ya kwanta ba. Na yarda. Amma me iyalin za su ci in shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi yana da shekara hamsin? Wake, gero, zogale, kuka da daddawa duk ana sayar da su a kasuwannin da muke wuni, ƙailula kuma ba baƙuwarmu ba ce.

Sauran aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ina kira ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da shugabannin kasuwa su matsa wa masu ɗaukar gadi su riƙa raba aikin dare da na rana tsakanin mutum biyu. Kwamitocin masallatai kuma su sayi na'urar awon jini, a samu ma'aikacin lafiya ya riƙa duba jama'a bayan an sakko Juma'a.