Ku fara da aikin da ya fi ba ku tsoro

Duk lokacin da aka ce za a sabunta tsohuwar manhaja, fuskarta ake fara kamawa: sabbin launuka, maɓallai masu kyau, shafin da zai burge shugabanni a taron mako. Ni kam ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Fenti ne ake shafa wa bangon da ya tsage.

Haɗarin yana ciki. Rumbun bayanai ne da aka yi shekara talatin ana zuba masa kaya, gurbin da aka ware wa lambar waya wani ma'aikaci ya mayar da shi wurin rubuta lambar reshe, kuma babu inda aka rubuta hakan. Ga ƙa'idojin lissafin kuɗi binne cikin COBOL, harshen rubuta manhaja da aka ƙirƙira tun 1959, wanda har gobe bankuna da yawa ke aiki da shi. Wanda ya san sirrinsu ya yi ritaya. In ba a tono waɗannan a watannin farko ba, sai kuɗi ya kusa ƙarewa, ranar buɗewa ta matso, sannan su bayyana, lokacin da babu halin ja da baya.

Ku duba bankin TSB na Birtaniya. A watan Afrilun 2018 ya ƙaurar da abokan hulɗarsa sama da miliyan 5 daga tsarin kwamfutar bankin Lloyds zuwa sabon tsari a ƙarshen mako guda. Bayanan sun isa can lafiya, amma sabon tsarin ya kasa ɗaukar jama'a. Mutane suka yi ta fama da asusunsu tsawon makonni, shugaban bankin Paul Pester ya sauka a Satumba, a 2022 kuma aka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun 1986 masanin harkar manhaja Barry Boehm ya kawo tsarin da kowane zagayen aiki ke farawa da tantance haɗari mafi girma.

Na san abin da ke hana mutane: aikin haɗari ba ya nuna kansa, mai ba da kuɗi kuwa so yake ya ga abu. To a nuna masa gwaji. A kwafi ainihin bayanan, a tura su sabon tsarin, a bar tsoho da sabo su yi lissafi ɗaya, a kwatanta sakamakon layi bayan layi. A ɗora masa cunkoso irin na ranar biyan albashi, a ga inda zai durƙushe. Launin maɓalli zai iya jira har watan ƙarshe.