Samari, wai wa ya ce ku ɗauki dutse?

Jiya da yamma a bakin kasuwar unguwarmu wani ya ƙwalla ihun ɓarawo, kafin ka ce kwabo yara da samari sun yi wa wani bawan Allah rubdugu, wannan da gora wancan da ɓallin bulo, har da ɗan acaɓan da ya ajiye fasinja a tsakiyar titi ya zo ya kai nasa naushin ya koma ya hau mashin ɗinsa. Na tambayi mutum uku cikin masu dukan me ya sata, wallahi babu wanda ya sani. Ɗaya ya ce waya ce, ɗaya ya ce an ce maye ne, na ukun ma cewa ya yi ai ya ga ana duka ne. Ya ga ana duka! Wannan amsar ita ta hana ni barci, don haka yau ku yi haƙuri da ni.

Akwai wani gajeren labari da wata marubuciya 'yar Amurka Shirley Jackson ta rubuta mai suna The Lottery, mujallar The New Yorker ta buga shi ranar 26 ga Yuni 1948. Wanda ya karanta adabin Turanci a jami'a wataƙila ya ci karo da shi, sauranku kuwa na san ba za ku nema ba tunda duk rubutun da ya wuce layi biyar cewa kuke ya yi tsawo, amma kuna iya kwana kuna kallon rawar TikTok har data ta ƙare. To bari in gutsura muku.

Wani ƙaramin ƙauye ne mai mutum wajen 300, ranar 27 ga Yuni da hantsi, gari ya yi kyau, mutane suka taru a dandali ana hirar noma da haraji, mata na gulmarsu, yara na tara duwatsu a gefe kamar wasa. Aka kawo wani tsohon baƙin akwati, kowane magidanci ya zari takarda. Gidan da ƙuri'a ta faɗa wa sai 'yan gidan su sake zara, wanda ya samu takarda mai baƙin ɗigo shi ne nasu na bana. Sai a ƙarshe mai karatu zai gane me aka ci, jifa ne har lahira, kuma a gama da wuri kowa ya koma gida cin abincin rana.

Abin da ya fi tayar min da hankali a labarin shi ne babu mugu ko ɗaya a ciki da za ka nuna da yatsa. Mista Summers mai gudanar da ƙuri'ar ɗan kasuwar kwal ne mai fara'a, shi ke shirya wa gari wasanni da taron matasa. Kuma babu wanda ya san asalin abin. Akwatin ya tsufa ya daddare an ƙi canzawa, waƙar da ake rerawa an manta ta, gaisuwar da ake yi an bari, guntayen itacen da ake zara da can an maye su da takarda, amma dutse kam babu wanda ya manta da shi. Tsoho Warner da ya shiga ƙuri'ar sau 77 shi ne mai kare ta, da aka ce masa wasu ƙauyuka na shirin bari sai ya kira su mahaukata, hujjarsa kawai wani tsohon zance cewa in an yi ƙuri'a masara za ta yi kyau, da kuma cewa haka aka saba. Ku duba Suratuz Zukhruf ku ga irin amsar da aka riƙa ba annabawa, mun sami iyayenmu a kan wani tafarki mu ma a kansa muke. Da irin wannan amsar aka binne 'ya'ya mata da rai a jahiliyya.

Sai Tessie Hutchinson, matar da abin ya faɗa wa. Ta zo a makare tana dariya wai ta manta ranar tana wanke-wanke, har tana tura mijinta ya je ya zara. Ba ta ga aibun komai ba sai da takardar ta fito a gidanta, nan ta fara ihun ba a yi adalci ba, har ta nemi a sa 'yarta mai aure a cikin masu zara don nata kason ya ragu. Uwa fa! Ƙawarta da suka gama raha ɗazun nan ita ta ɗauko dutsen da sai da hannu biyu, ɗanta ƙarami kuwa wani ya miƙa masa tsakuwa. Ni a ganina Tessie ba jaruma ba ce, da maƙwabciya ta zara da ita ma ta yi jifa ta koma ta ƙarasa wanke-wankenta.

To mu fa? A watan Maris 2025 da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa gida daga Fatakwal, duk mun yi kuka mun cika Facebook da Allah ya isa, kuma gaskiyarmu ne, zalunci ne tsantsa. Amma waɗanda suka yi wannan ɗanyen aikin ai abin da suka ji kenan, an ce masu garkuwa da mutane ne, suka ga ana duka suka shiga. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yaro ya yi zazzaɓi ya fara sambatu ya ambaci sunan tsohuwar da ba ta da kowa a layi, maimakon a kai shi asibiti a gwada maleriya sai a yi gidanta da duwatsu wai ta kama masa kurwa. Wani ya yi musabaha da baƙo ya ce gabansa ya ɓace, a far wa baƙon. Ku lura ba a taɓa kiran mai kuɗin unguwa maye, kullum almajiri ne ko bazawara ko mai taɓin hankali ko baƙon da bai iya yaren gari ba. Talauci da rashin aiki da rashin wuta sun cika mana ciki, mun bar jaki muna dukan taiki.

Ku kuma 'yan bi yarima a sha kiɗa masu ɗaga waya kuna ɗauka, kar ku ce hannunku bai taɓa kowa ba. Jackson ta faɗa da kanta cewa cikin ɗaruruwan wasiƙun da aka aiko mata bayan labarin ya fito, da yawa na zagi, akwai masu tambayar a ina ake wannan ƙuri'ar kuma ko za su iya zuwa kallo. Su ne ku, masu rubuta "a turo cikakken bidiyon" a group. Haka in an sako hoton yarinya an ce ta yi kaza, kafin la'asar mutum dubu sun tsine mata, babu wanda ya tuna da ayar Hujurat da ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika. Kuma da yawanku kun haddace ta a Islamiyya, abin haushin kenan.

Ban ce ku zama jarumai ba, ku dai ji tsoron Allah ku riƙa tambaya, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Kuma kar wani ya ce na zagi al'ada. Al'adarmu mai kyau ai ita muka yar. Muna yara in aka kama ɓarawo gidan mai unguwa ake kai shi, daga nan sai wajen dagaci ko 'yan sanda, dattijo ɗaya in ya ɗaga sandarsa ya ce kul samari hamsin sai su watse suna sunkuyar da kai, wanda ya faɗa zauren malam kuwa ya tsira ko me ya yi sai an ji ta bakinsa. Yanzu dattijon ya yi magana a ce ko da shi ake raba kayan satar, shi ma sai ya ja bakinsa ya shige gida ya turo ƙofa, zauren mai unguwar tamu ma tuni magada suka mayar da shi shagon cajin waya.