Ɗan Boko da Bafulatani a Bakin Rafi

ƊAN BOKO: Baffa tsaya tsaya kar ka tsinka, bari in ɗauke ta hoto, wayar nan ba bishiyar da bata sani ba a duniya. Yauwa! Tace malberi ce, wadda tsutsar siliki ke cin ganyenta a China.

BAFULATANI: Kaɗo, ita wayar taka ta taɓa zuwa kiwo?

ƊAN BOKO: Haba Baffa, ilimi ne fa a ciki.

BAFULATANI: Toh tafashiya ce. Kalli ganyen fato-fato yana sheƙi, biyu biyu suna kallon juna, furenta fari dunƙulalle mai ƙamshi, ɗanta kuma ja ne a ciki cike da ƙananan iri, shi ne tuwon biri da yara ke rububi. Kuma bata son tudu, bakin rafi da fadama take bi inda ƙasa ke da danshi, in ka ganta ka sauke goranka ruwa na kusa.

ƊAN BOKO: Amma malberi ma ja ce.

BAFULATANI: Gauta ma ja ne, ka kai wa tsutsar China ta ci.

ƊAN BOKO: Bari dai in rubuta sunan in gani... Kai! Baffa kuna zaune kan arziki baku sani ba wallahi! A 2013 masana daga Faransa suka ce sun samu tiramol a saiwarta a Kamaru, tiramol fa na gaske, ara min addarka.

BAFULATANI: Mu dai na ciwon ciki da zazzaɓi muka santa. A hankali, ɗaci gareta.

ƊAN BOKO: (ya tono saiwa rawaya, yana tauna yana yamutsa fuska) Wash! Amma har na fara jin ƙarfi a jikina.

BAFULATANI: Karatun ya ƙare ne? Naga rubutu a ƙasa.

ƊAN BOKO: Eh saura kaɗan... a 2014 Jamusawa suka sake bincike suka ce ba bishiyar ke yinsa ba, manoma ne ke ɗura wa shanun huɗa ƙwayar don kar su gaji, shanun suyi fitsari a gindinta saiwar ta tsotse... Baffa! Naka shanun ina suke hutawa da rana?

BAFULATANI: Nan inda kake durƙushe.

ƊAN BOKO: Tuf! Tuf! Innalillahi!

BAFULATANI: Haɗiye abinka Kaɗo, aradu nawa basa shan ƙwaya. Fitsarin ne zalla.