Madagaskar ta fi mu talauci, amma ta fi mu sanin darajar dajinta

Ni mutumin Bauchi ne, aiki ya kawo ni Antananarivo, babban birnin Madagaskar, kuma na zauna har na saba da cin shinkafa safe, rana da dare kamar yadda mutanen nan ke yi. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne wannan: ƙasar nan talauci ya yi mata katutu, hanyoyinta sun lalace, wutar lantarki sai an ga dama, amma Bature zai baro Faransa ko Jamus, ya biya kuɗin jirgi mai tsada, ya wuni a mota yana shan gargada, don kawai ya ga dabba a kan bishiya. Mu kuwa muna da gandun dajin Yankari a ƙofar gidanmu, kuma da yawa cikin 'yan Bauchi ba su taɓa leƙa ta ba.

Gaskiya ne Allah ya yi wa tsibirin nan baiwar da ba mu da ita. Shi ne na huɗu a girma a duniya, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 587,000, kuma teku ta raba shi da gabar Mozambik da tazarar kilomita wajen 400. Masana sun ce ya ɓalle daga Indiya shekaru kusan miliyan 88 da suka wuce, shi ya sa mafi yawan halittun da ke cikinsa babu irinsu a ko'ina. Akwai lemur, dangin biri mai dara-daran idanu, iri fiye da 100. Kusan rabin nau'o'in hawainiya na duniya suna nan. Kuka ma, wadda na ɗauka na gama saninta, iri 6 ake da su a nan da ba sa fitowa a wata ƙasa. Wadda ke kan hanyar Morondava miƙaƙƙiya ce sumul, ba reshe ko ɗaya sai can ƙololuwa, tamkar an kafa rumbu a kan rumbu har sama.

Tarihinsu ma ya isa a zo dominsa. Kakanninsu na farko daga wajen Indonesiya suka ƙetaro a kwale-kwale, daga baya mutanen gabashin Afirka da Larabawa suka biyo, har ƙabilar Antemoro ta riƙa rubuta harshenta da baƙaƙen Larabci, irin yadda malamanmu suka yi ajami. Sarki Andrianampoinimerina ya haɗa kan masarautar Merina kafin rasuwarsa a 1810, ɗansa Radama na ɗaya ya faɗaɗa ta. Faransa ta ci ƙasar a 1895, ta kori sarauniya ta ƙarshe, Ranavalona ta uku, wadda ta rasu a Aljeriya a 1917. An yi tawayen 1947 da ya ci dubban rayuka, sannan 'yanci ya zo ranar 26 ga Yuni, 1960. Fadar sarauniya da ke kan dutse a tsakiyar birnin nan ta ƙone a 1995, suka daure suka sake gina ta. Idan na kalle ta sai in tuna ganuwar Kano, da yadda ake yankarta ana gina shaguna, zuciyata ta sosu.

Amma ba baiwa ko tarihi ne ya fi jan hankalina ba. Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ke cin moriyar dajin.

A Andasibe, tafiyar awa uku zuwa huɗu gabas da birni, ba a shiga gandun daji sai da ɗan jagora, kuma mafi yawansu 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye ne. Wanda ya jagorance mu saurayi ne sanye da takalmin roba, karatunsa bai yi nisa ba, amma yana jin Faransanci da Turanci daidai gwargwado, kuma ya san kowane iyalin indri da inda suke kwana. Indri shi ne mafi girma cikin lemur, baƙi da fari, wutsiyarsa guntuwa ce ƙwarai. Da safe suka ɗauki kuka, wata murya mai tsawo da ke ratsa daji, ana jinta daga nesa sosai. Saurayin ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru, fuskarsa cike da alfahari. Mutanen yankin suna da al'adar da ta hana kashe indri, amma ko ba don ita ba, wannan yaro ba zai bari a taɓa shi ba, domin da shi yake ciyar da gidansu. Mahaifiyarsa na sayar da abinci a bakin hanya, ƙanensa na aiki a masaukin baƙi.

A Anja, kusa da Ambalavao, abin ya wuce haka. 'Yan ƙauye ne da kansu suka killace ɗan dajinsu, su ke karɓar kuɗin shiga, su ke gadi, kuma lemur mai zoben wutsiya ya yawaita har yana shan hantsi a kan duwatsu mutane na kallo.

Yanzu mu dawo gida. An keɓe Yankari tun 1956, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200, tana da giwaye, ɓauna, gwanki da gogo, ga ruwan ɗumi na Wikki da babu wanda zai shiga ya so fita. To, mene ne rabon manomin Alƙaleri, ƙaramar hukumar da gandun yake, a ciki? Abin da ya fi sani shi ne giwa ta fito ta tattake masa gona dab da girbi. Wanda giwa ta cinye wa dawa, ba ka da bakin da za ka ce masa ya so giwa. Idan mafarauci ya ratsa ta ƙauyensu da dare, ba zai kai rahoto ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Mun mayar da dajin kayan gwamnati, kuma kowa ya san yadda ake riƙon kayan gwamnati a wajenmu.

Kada a ce abin ba zai yiwu a ƙasarmu ba, domin 'yan'uwanmu na Nijar sun gwada. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996. Da aka sa 'yan yankin cikin jagoranci da tsaro, aka tallafa wa ƙauyuka, sai suka haura 600. Harin watan Agusta na 2020, wanda ya kashe mutum 8 har da ɗan jagora, ya kori baƙi, kuma rashin tsaro irin wannan shi ne babban bambancinmu da Madagaskar. A Madagaskar ma akwai ɓarayin shanu da ake kira dahalo a kudu da yamma, amma baƙo na iya bin babbar hanyar kudu daga gandu zuwa gandu hankalinsa kwance.

Ba zan yi wa Madagaskar kwalliyar da ba ta da ita ba. Bincike ya nuna ta rasa kusan kashi 44 cikin 100 na dajinta tsakanin 1953 da 2014. Ana ƙone daji don shuka shinkafa, buhunan gawayi jere suke a bakin kowace hanya, kuma bayan rikicin siyasar 2009 an sare itatuwa masu tsada daga gandayen arewa maso gabas aka yi waje da su. Da damina koguna kan yi jawur saboda zaizayar ƙasa. Sai dai na lura da abu ɗaya: inda baƙi ke zuwa kuma kuɗinsu ke shiga aljihun ɗan ƙauye, daji na tsaye, ka yi gaba kaɗan inda ba mai zuwa, sai toka da kututture.

Shi ya sa nake roƙon gwamnatin jiharmu da masu sarautar da ke kewaye da Yankari: a ɗauki samarin ƙauyukan nan a koya musu jagoranci, a ware wa garuruwansu kaso bayyananne daga kuɗin ƙofa, a biya manomin da giwa ta yi wa ɓarna kafin damina ta zagayo. Kuma a fara da baƙi na gida, ɗaliban Kano da iyalan Jos da Gombe, tunda su ba sa buƙatar biza.